Hayaƙin Gidan Gilbert

A Vaubrenne ba kawuna muke ƙirgawa ba, murhu muke ƙirgawa. Dajin da ya kewaye mu, daga bakin rafi har kan tudu, na gari ne tun ranar da kakanninmu suka yi shari'a a kansa da masu gidan sufaye, kakannin namu suka ci. Duk shekara in sanyi ya kawo kai, sai Magajin gari ya yanka wani yanki kashi-kashi, a zuba ƙuri'a cikin hula, duk gidan da ke fid da hayaƙi ya ɗauki tasa ya je ya sari itacensa. Gidan da murhunsa ya mutu ba shi da kaso, ko sunansa ba a kira. Wanda aka daina kiran sunansa kuwa ya bar gari ke nan, ko da kabarin uwarsa na nan.

Da ina yarinya, zamanin masu ƙona gawayi da maƙerar bakin rafi, hular nan cika take maƙil. Yaƙi ya ɗebi nasa, maƙera ta rufe, birni ya kwashe saura. Yanzu sai ka lalubi gindin hula kafin ka taɓa takarda.

Léonce Bournot maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Gajere, kunne ɗaya a toshe, magana kamar da kuɗi yake sayenta. Ɗansa ɗaya, Gilbert, wanda ya ci gadon gidan kakarsa can sama kusa da coci. Bayan rasuwar mahaifiyarsa, Gilbert ya kwashi matarsa sai Dijon, aikin masana'anta. A gabana ya ce, "Shekara biyu kawai, Baba. In na ɗan tsaya da ƙafata zan dawo."

Washegari na ga hayaƙi a bututun gidan Gilbert. Léonce ne ya hau tudu da damin ƙirare ya hura wuta a gidan da babu kowa. Haka jibi, haka gata, har muka daina kallo.

Na sha tare shi a bakin rijiya. "Kai tsoho, ɓeraye kake ɗumamawa? Sun biya ka kuɗin haya kuwa?"

"Clémence, da bakinki gatari ne da dajin nan ya ƙare."

"Yaron nan fa ya yi tumbi a birni. Me zai dawo yi, kiwon ƙwari?"

Sai ya juyo min da kunnen da ba ya ji, ya wuce.

Magaji Aubertin ya sani, kowa ya sani, aka yi kunnen uwar shegu. Ranar ƙuri'a sai ya gyara murya ya ce, "Bournot Gilbert!" Léonce ya ce, "Yana nan tafe, ni zan ɗaukar masa." Wani ya yi tari, wani ya dubi takalminsa. Abin da Léonce ke wahala dominsa ke nan duk shekara: ya ji an kira sunan nan cikin mutanen gari.

Wahala kuwa ya sha ta. Kaso biyu, hannu biyu. Shekarar da ƙuri'ar Gilbert ta faɗa gangaren arewa, inda ƙanƙara ba ta narkewa sai bazara, da rarrafe ya riƙa fito da itacen. Gwiwarsa ba ta sake miƙewa daidai ba. A layin cocin nan gidaje suka riƙa zubewa, rufi ya lotsa, ƙaya ta fito ta taga. Na Gilbert kaɗai ya tsaya garau. Yaran Gilbert suka girma, suka yi aure, ba su taɓa kwana a cikinsa ba.

Wata shekara da kaka, Gilbert ya bugo waya gidan shayi ya bar saƙo: Baba ya buɗe gida ranar Asabar, yana zuwa. Léonce ya yanka zomo ya kawo min in dafa da albasa da ruwan inabi. Ya yi aski. Ban taɓa jin yana fito ba sai ranar, abin ya ba ni tausayi har na kasa tsokanarsa.

Ni na kai tukunyar sama. Mota ta tsaya, Gilbert ya fito da furfura, bayansa wasu dogaye biyu, miji da mata, mutanen Holand. Ya sumbaci uban a kumatu bai dube shi ba.

"Baba, baƙi ne. Za su duba gidan."

"Su duba mene?"

"Baba, kar ka sa abin ya yi wuya. Ka san ba dawowa zan yi ba. Kowa ya sani."

Matar ta riga ta shige. Ta shafa bango, ta buɗe kabad ta shinshina, ta ƙwanƙwasa katakon rufi. Ta dawo fuska a sake ta kama hannun Léonce.

"Baba, kai ne mai hura wutar? Mun zaga ƙauyukan nan har mun gaji, duk gidan da aka nuna mana danshi ya cinye shi. Mun ma fid da rai. Wannan kuwa a bushe, da ɗuminsa, kamar jiya aka fita. Don haka kaɗai za mu saya. Lokacin hutu za mu riƙa zuwa."

Ta gefen kunnen da yake ji ta tsaya, don haka babu abin da ya wuce shi. Ya ce mata, "Madalla."

Zomon nan baƙi suka cinye shi, suna yabawa. Gilbert ya koma da yamma. Ni da Léonce muka gangaro tudu, yana jan ƙafa, ina riƙe da tukunya, raina a ɓace kamar in jefa ta rafi. Sai da muka zo ƙofarsa ya tsaya, ya daɗe yana neman makulli a aljihun da ba ya ciki.

"Clémence," ya ce, "ashe da na bar shi ya rushe kamar na sauran, da har gobe gidan Gilbert ne?"