Ruɓaɓɓen Tumatir da Lissafin Gado

A gidanmu a Hunkuyi, matsar irin tumatir aikina ne tun ina firamare. Baba yakan ware kwando guda ya ajiye bayan rumbu har ya ruɓe ya yi kumfa, sannan ya ce in tsoma hannu in matse, in tace 'ya'yan, in shanya. Warin nan ko ungulu ta biyo sai ta sake hanya. Tsutsotsi na iyo a ciki kamar rafin ubansu. Kwana uku idan na kai loma baki, warin hannuna ke fara isa.

Wata shekara Baba ya sayo irin da ake sayarwa a gwangwani, mai fitar da tumatir mulmulallu. Da muka noma shi ya nuna, na matse irinsa, muka shuka a fadama da rani, sai ga wasu gindin suna fitar da dogaye. A lokacin malamin bayoloji ya koya mana gano iyaye daga 'ya'yansu. Na ce to, ga hanyar rabuwa da kwandon nan.

Na bi kunya-kunya ina ƙirgawa. Kusan duk gindi huɗu, uku mulmulallu, ɗaya dogo. Na sami Baba yana gyara injin ban ruwa, na durƙusa na gaishe shi, na zana masa lissafin a ƙasa da tsinke. Na ce uwar irin nan ruwa biyu ce: gadon mulmulalle a sarari, gadon dogo a ɓoye. In muka ci gaba da matsa, kullum gauraye zai fito, gara a riƙa sayen sabo.

Ya daɗe yana duban zanen. Ya tambaya ko dogayen ma suna ɓoye wani abu. Ni kuma bakina bai san tsayawa ba.

"A'a, Baba. Su ba sa ɓoye komai. Dogo ka shuka, dogo za ka samu."

Ashe dogayen ne dillalai ke so, don ba sa fashewa a mota.

"Madalla da boko," in ji shi. "Bana dogayen kaɗai za ka matse."

An riga an tara kwandon gauraye, ya kwana biyar yana tafasa. Haka na zauna ina lalube cikin ruɓa har gwiwar hannu, ina tantance dogo da mulmulalle da yatsa, ƙudajen ƙaramar hukumarmu ta Kudan kaf sun zo taya ni. Ƙanwata ta toshe hanci daga nesa tana tambaya ko wannan ma zai fito a jarrabawa.