Marisol Da Masu Yabonta A Yau

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Marisol, ƙawata kuma abokiyar aikina. Ba a nan Doha ta rasu ba. Ciwon daji ne ya ɗauke ta a garinsu da ke Amurka, dab da iyakar Meziko, bayan an raba ta da aikinta a nan. Na yi shiru duk waɗannan shekaru, amma bana dole in yi magana, don na ga waɗanda ba su isa su ambaci sunanta ba sun fara riga ni.

A wani ƙaramin asibiti a unguwar Sana'iyya muka haɗu, ni nas daga Kafanchan, ita nas 'yar asalin Meziko. Gajeruwa ce kakkaura, mai murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Uwarta ta tsufa tana tsinkar tumatir a gonakin wasu, shi ya sa tun tana budurwa take bin matan unguwarsu zanga-zanga, yau kan maganin feshin da ke ƙona wa ma'aikata fata, gobe kan iyayen da ake kora daga ƙasar a bar 'ya'yansu. Ta bi gida-gida tana jan mata zuwa rajistar zaɓe. An taɓa kulle ta ma, kuma in tana ba da labarin, abin da take kuka da shi kawai shi ne rashin daɗin shayin wurin.

A Doha ba a fita titi da kwalaye, ta kuma san haka. Da na tsokane ta cewa bakinta ya mutu ke nan, sai ta ce, "Rifkatu, ai ba titin ne aikin ba. Mutanen ne."

Wata safiya aka kawo mana Hajara, 'yar aikin gida daga zangon Kumasi, da ƙunar mai a hannu. Direban da ya kawo ta ya ce tsautsayi ne. Marisol ta fitar da shi waje, ta sa ni in tambaye ta da Hausa. Hajara ta sunkuyar da kai ta ce uwargijiyarta ce ta watsa mata, fasfonta kuma yana hannun kafil, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, ba ta da inda za ta. Ranar Marisol ta tafi da ita ɗakinta.

Muna buƙatar mai faɗa a ji ya tsaya mana, sai muka nufi taron ƙungiyarmu ta 'yan Arewa masu manyan ayyuka, a wani gida a Nu'aija. Likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, falo cike da ƙamshin turare. Shugabansu Dakta Sambo ya saurare mu yana juya cokali a kofi. Da muka gama ya ce, "Sista Rifkatu, mu fa ba rigima ta kawo mu ƙasar nan ba. Yarinyar ma ba 'yar Najeriya ba ce. Ki ja wa baƙuwar taki kunne." Matarsa ta naɗe mana dabino a leda. Ko sunan Hajara babu wanda ya tambaya.

Marisol ba ta jin Hausa, amma ta iya karanta fuska. Ta miƙe ta ce mini, "Yalla," wato mu tafi. Tun daga washegari ta riƙa raka Hajara ofishin ƙwadago, su zauna a kan benci har a tashi, su koma. Haka ta yi ta yi har aka gaji da ganinta, aka tilasta wa kafil ya kawo fasfon, Hajara ta koma gida wurin 'ya'yanta. Ashe kafil ɗin abokin mai asibitinmu ne. Da kwantiragin Marisol ya ƙare, aka ce halas, wato shi ke nan, ba za a sabunta ba. Cikin manyan nan babu wanda ya ɗaga waya ya ce mata sannu.

Yau abubuwa sun ɗan sassauta. An rage wa kafil ƙarfi, maganar haƙƙin ma'aikata kuma ta zama ado, kowa yana yafa ta. Makon jiya ƙungiyar nan tamu ta kama ɗakin taro a Mushairib, wai ranar karrama jaruman mata. Suka kafa ƙaton hoton Marisol, sunanta ma ba su rubuta daidai ba. Dakta Sambo ya hau mumbari cikin babbar riga ya kira ta "'yar'uwarmu", har da share ido. Matan da suka juya mana baya a falon nan suka jera suna ɗaukar hoto da ita, kowace tana gyara mayafi. Na san gidajen wasunsu. Na san wadda har gobe 'yar aikinta a ɗakin wanki take kwana.

Ina zaune ina tunanin abin da Marisol za ta yi da ta ga wannan. Ba na jin za ta yi fushi. Dariya za ta yi, irin tata mai ƙarfi, ta cika faranti da shinkafarsu, sannan ta tambayi kowa, ɗaya bayan ɗaya, a ina fasfon 'yar aikinsa yake.

Abin da ta bari ba ya cikin ɗakin nan. Yana Kumasi, inda Hajara ke tara 'yan matan zango masu shirin zuwa aikatau tana gaya musu gaskiyar abin da ke jiransu. Yana wurin mu nas-nas 'yan kaɗan da muka daina karɓar "tsautsayi ne" daga bakin wanda ya kawo mara lafiya. Ba shi da yawa, amma nata ne na gaske.

Da aka tashi, Dakta Sambo ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi. Ya ce, "Sista, da tana raye da ta yi alfahari da mu."

Na ce, "Dakta, da tana raye da ba ku gayyace ta ba."