Ranar da Aka Fasa Gangunan Lurwanu

Bazarar nan ita ce ta takwas tun da aka kashe ƙanina Lurwanu a ƙofar zaurensa, ido na ganin ido, a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin har yau a can nake kwana. Waɗanda suka kashe shi sun san shi, ya san su, da wasunsu ma ya haɗa sahu a masallacin Juma'a a ranar. Akwai kuma wata magana game da mutuwarsa da na riƙe a cikina tsawon shekarun nan, ban gaya wa matarsa Rakiya ba. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni ne mai yawo a gidanmu. Na yi fataucin goro da fata, na zauna a Abijan da Wagadugu, na yi shekaru a Kartum da Jidda, na tsinci Faransanci da Larabci da Yarabanci a bakin kasuwa. Lurwanu kuwa bai taɓa wuce Kaduna ba. Gyaran rediyo da fanka yake yi a kasuwar Gwarzo. A cikin wayarsa ya ga yadda ake kiwon kifi da shuka ganye da ruwa guda, ya zo ya tambaye ni ko na taɓa gani. Na ce na ga irinsa a wata gona a Masar, amma aikin masu kuɗi ne. Ya ce, "To Yaya, mu za mu yi na talakawa."

Gangunan roba huɗu ya saya na hannu. Biyu ya zuba musu 'ya'yan tarwaɗa. Sauran biyun ya tsaga su, ya cika da tsakuwar rafi, ya ɗora a kan bulo sama da na kifin, ya shuka salak da alayyahu da tumatir a ciki. Wani ɗan famfo da bai fi dunƙulen hannu ba ke ɗaga ruwan kifin zuwa tsakuwar. Kashin kifi ya zama taki, saiwoyi da tsakuwa su tace ruwan, ya gangaro wa kifin da tsabtarsa. Wutar famfon daga farantin sola ɗaya take, wanda ya tsage a kusurwa aka sayar masa da araha, sai tsohon batirin mota. Ba fetur, ba takin buhu, ba zaman jiran wutar gwamnati. A tsakiyar rani, lokacin da ake layi a bakin rijiya, Rakiya tana miya da ɗanyen alayyahu daga bayan ɗakinta.

A shekarar ne naira ta faɗi, duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, abincin kifi na buhu ya gagare shi. Sai ya koma jiƙa dusar dawa a bokitai, ya bar ta kwana huɗu ko biyar ta yi tsami, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta fito, ya haɗa wa kifin da ƙuliƙuli da garin zogale. Kifi ya yi ƙiba. Amma dusar da ta tsima tana da wari, kuma in iska ta juyo, warin yakan kai har majalisarmu ta gindin dalbejiya.

Gidan Lurwanu ba shiga ne, kamar yawancin gidajenmu. Ban da ni, babu namijin da ya taɓa ganin cikin gidan. Abin da maza suka gani shi ne an shigar da ganguna, an shigar da tiyo, ana shigar da buhunan dusa alhali ba shi da ko akuya. Shi kuma ya roƙe ni in yi shiru sai ya kwashe kifin farko, saboda ɓarayin sola da bakin mutane. Matan da ke shiga sun ga kifin, wasu sun gaya wa mazansu, aka ce zancen mata ne.

Wata rana bayan la'asar iska ta kawo warin. Ila mai faci, wanda rumfarsa ke kusa da majalisar, ya toshe hanci ya ce, "Alhaji, kai da ka zaga duniya, wannan warin na mene ne?" Na yi dariya na ce, "A Wagadugu, unguwar matan da ke dafa burukutu sak haka take wari. Da a can muke, da na ce ƙanina ya buɗe masana'anta." Aka kwashe da dariya, na ji daɗi. So na yi a ce na san duniya. Ban ƙara da cewa abincin kifi ne ba, tunda na yi alkawarin shiru. A Wagadugu wannan raha ce da ba ta wuce ƙofa, domin a can sana'a ce kamar dafa waina. Na manta a inda nake zaune. Magana zarar bunu ce.

Makonni kaɗan bayan haka aka tsinci gawar wani matashi na garinmu a cikin kwalbati, da kwalabe a gefensa. Mutane dama a wuya suke, ga yunwa, ga 'ya'yansu suna lalacewa a gaban idonsu. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan shaye-shaye. Bai kama sunan kowa ba. A wajen masallaci aka kama sunan Lurwanu, aka ce ruwa ba ya tsami banza.

Ina kishingiɗe bayan cin abinci na ji hayaniya. Na iske lungun gidan Lurwanu ya cika da mutane, da gorori da fartanyu, suna cewa a fito da giyar, Ila a gaba riƙe da ƙarfen da yake cire taya. Lurwanu yana tsaye a ƙofar zaure, ya dafe bangon ƙofar da hannu biyu. Kwana goma sha biyu ke nan da haihuwar Rakiya, kuma a daidai lokacin tana tsakar gida tana wankan jego, dab da gangunan, goggonta na tsaye a kanta.

"Ila, kifi ne wallahi," in ji Lurwanu. "Iyalina tana wanka. Ku ba ta minti goma ta kimtsa, ku zaɓi dattijai biyu su shiga su gani."

"Minti goman zubarwa ke nan," wani ya faɗa daga baya.

"To ga Yaya nan, ku tambaye shi."

Na ce kifi ne, na rantse musu da Allah. Ila ya juyo ya dube ni ya ce, "Alhaji, ba kai ka ce mana ka san warin ba? Yau kuma ɗan'uwa ya fi gaskiya?"

Lurwanu ya kalle ni. Sai a lokacin ya ji zancen.

Dutsen farko daga baya ya zo, ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Bai saki ƙofar ba. Aka dinga dukan yatsunsa da gora, ina jin ƙarar karyewarsu ɗaya bayan ɗaya, har yau ina jinta in ana karya kara. Da hannun dama ya saki, sai ya tokare da kafaɗa. Ila ya sauke masa ƙarfen a gefen wuya, ya durƙushe, suka bi ta kansa. Zauren ƙarami ne, duk mai shiga sai ya taka shi, kuma kowa so yake ya shiga. Ni aka hankaɗe ni jikin bango, kafaɗata ta goce, na tofar da haƙora biyu.

Daga ciki na ji ihun Rakiya, da muryar goggonta tana cewa ku ji tsoron Allah, mai jego ce. Aka farfasa farantin sola da taɓarya. Wani ya ɗaga batirin ya buga da bango, ruwan batir ya fallatsar masa a ido, ya fito yana kururuwa an watsa masa guba. Waɗanda ke waje ba su san abin da ya faru ba, sai suka koma kan Lurwanu da ƙafa da gora yana kwance. Sannan aka sari gangar farko da gatari. Ruwa ya malale tsakar gidan, tarwaɗa masu kaurin damtse suka zubo suna birgima a cikin taɓo, har cikin zaure inda jininsa yake. Wani ya je ya sari ta biyun ma, kamar bai yarda da idonsa ba. Kifi ne. Suka fara fita ɗaya-ɗaya, wannan karon suna tsallake shi. Takalman da aka bari a lungun sun cika kwando.

A bayan a-kori-kura ya cika, kafin mu kai Gwarzo, kansa a cinyata, ƙirjinsa ya lotsa, jini da kumfa na fita ta hancinsa. Abu ɗaya ya tambaye ni: "An rufe ta?" Na ce goggo ta rufe ta da tabarma. Bai tambaye ni zancen Ila ba.

Na zauna a ƙasashen da ake hukunci da Shari'a kafin a dawo da ita Kano, na kuma yi murna da aka dawo da ita. Abin da na koya a gaban malamai, a nan da can, shi ne Shari'a ta hana leƙen asirin mutum, ta hana shiga gidansa ba izini, ta ɗora hukunci a hannun alƙali da shaidu. Da ya nemi dattijai biyu, Lurwanu ne kaɗai ya nemi Shari'a a lungun nan ranar. An kama wasu, an ɗaure Ila da mutum uku, wasu suka gudu kudu. A gaban alƙali aka tambayi Ila inda ya samo labarin, ya ce daga bakin manya. Ba a tambaye shi wane babba ba, ni kuma ina zaune a benci na biyu ban ɗaga hannu ba.

Nakan tambayi kaina me Lurwanu zai ce da ya ga yau. Tun da aka cire tallafin mai, injinan ban ruwa suka yi shiru a fadamu, farantin sola ya hau rufin masallatai da shagunan caji daga Sabon Birni har Kutama. Mutanen da suka farfasa nasa da taɓarya yanzu suna neman na hannu a kasuwa. Ina jin dariya zai yi, ya ce su riƙa goge shi da tsumma kowace safiya, domin farantin da ya yi datti rabin wuta yake bayarwa. Ba mai riƙo ba ne. Ni ne nake riƙo, kuma kaina na fi riƙewa.

Rakiya ta tsince tarwaɗar da ta rayu a ranar, ta zuba a bahon wankanta. Da ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Gude da jaririyar da ɗan famfon, wanda ba wanda ya kula da shi balle ya fasa. Daga baya ta yi aure a can. Duk shekara nakan kai wa yarinyar kayan sallah, mu gaisa, in taso. Watan jiya, da na gama rubuta abin da kuka karanta a sama, na ga bai kamata baƙi su ji kafin ita ba. Na je na nemi izinin mijinta, ta fito zaure, muka gaisa, na gaya mata duka, ban rage ba.

Sannan ta ce, "Yaya Alhaji, tun ranar sadakar uku aka gaya mini. Matar Ila ce ta faɗa mini tana kuka. Jira nake in ji daga bakinka."

Na ce zan buga a jarida, duniya ta sani.

Ta ce, "Wa ke karanta jarida a garinku? Har yau akwai masu cewa kifin rufa-ido ne, giyar tana ƙarƙashi. Yarinyar nan ta ji an faɗa a gidan biki, ta zo tana tambayata. A inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wannan. In ka yi, ni na yafe."

Na yi magana a gaban jami'an kwastan na ƙasashe da yawa, da harsunan da ba nawa ba, gabana bai faɗi ba. Amma sai da na yi Juma'a biyu ina zuwa gindin dalbejiya ina komawa da maganata. A ta uku na miƙe bayan la'asar, Ila yana rumfarsa, ya dawo daga gidan yari ya tsufa. Na ce ƙanina bai taɓa dafa giya ba, dusa ce yake jiƙa wa kifi, na sani tun ranar farko, kuma ni na ɗora masa sunan da bakina don a yi dariya. Wani dattijo ya ce Allah ya jiƙan Lurwanu, aka ce amin ƙasa-ƙasa. Ila bai ɗago daga tayar da yake gyarawa ba, amma hannunsa ya tsaya.

Ban san ko wannan ya wanke sunansa a wurin kowa ba. Wanda ya taka mutum a zaure ba zai so ya yarda cewa a banza ya taka shi ba. Abin da na sani shi ne a Gude akwai gidaje da dama da ganguna a bayan ɗaki, matan da suka koya a wurin Rakiya suke kula da su, suna aika salak da tarwaɗa kasuwa a tsakiyar rani. Abin da ya rage na Lurwanu ke nan, da 'ya mai shekara takwas wadda yanzu take da amsar da za ta bayar a gidan biki. Na aika wa Rakiya cewa na yi. Ta aiko da cewa ta riga ta ji, kuma in na zo sallah in zauna in ci abinci, in daina tashi a tsaitsaye.