Gammon Zuwairatu

Da asuba, ga alama, ruwan gishiri Zuwairatu ta ɗebo a garin Keana, don ƙafafunta fari fat suke. Yanzu tana kwance a asibiti a Lafia, likita yana goga mata na'ura a ƙirji, yana auna ƙarfin da zuciyarta take tura jini. Ta dunƙule hannu, jijiyoyi sun tashi, wai ko hakan zai taimaka.

"Saki jiki, Mama Zuwairatu. Ba ƙarfin hannu nake dubawa ba. Zuciyar ta gaji, ɗaukar kaya ya ƙare."

"Ko tulu ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta ce to. Wataƙila wuyan nan nata, mai ɗaukar kaya, shi ne yake ciyar da gidanta. A bakin ƙofa ta tsaya tana haki, ta naɗe gammo, ta ɗora buhun gishirin da ta bari wajen mai gadi.