Gaisuwa Ta Cinye Batir

Katangarmu ɗaya da wani dattijo da matarsa a Haɗeja. Shi mutumin Filato ne, aikin koyarwa ya kawo shi tun kafin a haife ni, ya zauna ya koya wa rabin unguwarmu lissafi, har da ni mai taurin kai. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Da Mama ta rasu aka binne ta a maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari, shi kuma ya roƙi mutanen cocinsu su bar masa wurin da ke gefenta. Duk damina sai ka gan shi da fartanya a kafaɗa, zai je ya nome kabarin, ya haɗa da filin da babu kowa a cikinsa.

'Yarsu ɗaya ce, wadda nake kira Yaya, tana aikin jinya a ƙasar waje. Ranar Lahadi da la'asar take samun sarari ta kira shi. To amma kunnen Baba ya yi nauyi, wayar hannu ba ta yi masa komai, sai yana ganin bakin mutum yake kama magana. Shi ya sa na ba shi tsohuwar kwamfutata ta cinya, na saita masa ita yadda ba zai wahala ba: ya ɗaga murfi, ya danna hoton Yaya, shi ke nan. Kunnawa daga farko da kashewa kuwa, na gwada koya masa har muka kusa ɓatawa, na haƙura.

Wata shekara ruwa ya yi ɓarna. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya shanye shinkafar fadama, ya tuge turakun wuta, unguwarmu ta yi watanni ba ta ga lantarki ba. Ni kuma aikina a Kano yake, Juma'a nake zuwa gida in juya Lahadi da safe. Sai ya zama ran Asabar nake kai kwamfutar shagon wani ɗan uwana mai sola, in cika ta taf, in rufe murfin in miƙa wa Baba. A ƙa'ida kwamfutar da aka rufe barci take yi, ba ta cin batir sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan kuwa ina! Kafin la'asar ɗin Lahadi ta zuƙe kusan komai.

Wata Lahadi ban koma Kano ba, na zauna na ga abin da idona. Yaya ta fito a allo, Baba ya gyara zama ya fara: ya gajiya, ya aiki, ya sanyin ƙasar, ya maigidan, ya babban yaron da makaranta, ya ƙaramar da haƙorinta, ya maƙwabciyar nan da aka ce ta karye. Kowacce sai ya jira amsa, ya ce madalla, sannan ya ɗauko ta gaba. Ita ma ta ɗauki nata layin, tun daga ciwon gwiwarsa har kajin gida. Yana gyaran murya, yana cewa, "To, dama akwai wata magana," allon ya yi ɗif.

Ya rufe murfin. Sannan ya gaya min maganar. Danginsa na Filato sun daɗe suna cewa idan ta Allah ta kasance gida za a kai shi, kusa da kakanninsa, Yaya ma haka take zato. Shi kuwa nan yake so, gefen Mama. Kuma Yaya ce kaɗai za ta iya tsayawa gaban ƙannensa ta ce haka uban ya ce.

Na ce, "Haba Baba! Ku bar gaisuwar nan mana, ku fara da maganar, in batir ya rage a gaisa."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake min idan na kasa jadawali. "Ni ɗan tasha ne? In ga 'yata, ban tambayi lafiyarta ba, in ce mata ga inda za ki binne ni?"

"To ni in gaya mata, ko ku rubuta in tura."

"Kul! Wannan tsakanin uba da 'yarsa ne, baki da baki. Kai dai gyara min abarka."

Raina ya ɓaci, wallahi, amma na san ba za a canza shi ba. Na sayo wani batir a Kano, ya fi na da lalacewa. Sai na koma kan ainihin ciwon. Na lura idan an rufe murfin, ƙasan kwamfutar ba ya hucewa, ɗumi ne kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Wani abu a ciki ba ya barci.

Manhajar da ke kanta irin ta kyauta ce, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya karanta ya gyara. A tsakiyarta akwai abin da muke kira kanal, shi ke ba kowane sashe na injin umarni. Kowane sashe kuma yana da ɗan rubutun da ke yi masa tafinta da kanal, shi ake kira direba. Da na bi bayanan da kanal ke ajiyewa, sai na kama mai laifin: ɗan cif ɗin waifai, wanda ke haɗa kwamfutar da intanet ba tare da waya ba, abu bai fi farcen yatsa ba. Direbansa yana ce masa ya kwanta, amma ya bar shi da aikin neman sabis a buɗe. Sai ya kwanta ya zabura, ya kwanta ya zabura, ya hana duk injin sakewa.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na sa direban ya yanke masa wuta kai tsaye da zarar an rufe murfi. Kwamfuta ta huce sarai, na koma Kano ina jin kaina. Ran Lahadi Baba ya ɗaga murfi, batir cike, amma waifai ya ƙi tashi ƙememe. Wannan makon ko gaisuwar ba a yi ba. Da na dawo bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Gara yadda take a da, ina ganin fuskarta." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Daga nan duk Asabar a shagon sola nake wuni, a inuwar bishiyar maina, ga ƙaurin bandar kifi yana tasowa daga bakin kasuwa. In canza layi biyu, in jira tsohuwar kwamfutar ta gama harhaɗa kanal ɗin tana nishi, in rufe murfi, in je in yi salla in dawo in taɓa ƙasanta da tafin hannu. Wani lokaci ta yi barci ta ƙi farkawa, wani lokaci ta farka ba ta san waifai ba. Na tsine wa wanda ya rubuta direban nan ba sau ɗaya ba, bawan Allah, ban ma san a wace ƙasa yake ba. Duk yammacin Asabar sai in mayar da tsohon direban in kai wa Baba, don kada a sake rasa gaisuwar.

A ƙarshe na gano abin. Ashe cif ɗin ba a yi masa gatsau. Sai an tsayar da neman sabis ɗin tukuna, a gaya masa za a kwanta, a jira ya amsa, sannan a rage masa wuta. In za a tashe shi kuma a bi matakan nan daga ƙarshe zuwa farko. Wanda ya rubuta direban ya tsallake jiran amsar, ni kuma na tsallake duka. Na yi dariya ni kaɗai a shagon, na ce ka ji, shi ma halin Baba gare shi. Gyaran duka bai cika tafin hannu ba. Na roƙi Baba ya haƙura da Lahadi ɗaya, na tafi da kwamfutar Kano a wannan makon don in tabbatar, na bar ta a rufe kwana da kwanaki, batir ko gezau.

Ina can Umma, mahaifiyata, ta kira ni. Ta kai wa Baba kunu da safe ta tarar da shi a ƙasa, hawan jini ya buge shi. An kai shi asibiti a adaidaita. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Ran Lahadi na kai kwamfutar bakin gadonsa, na ɗaga murfi. Nan take ta farka, waifai ya kama, Yaya ta fito. Ita ta yi gaisuwar duka, ita kaɗai: ya jiki, ya ƙarfin hali, yara suna gaishe ku, ƙaramar ta yi haƙori. Ta ƙare, ta sake ɗaukowa daga farko. Baba yana kallon bakinta, leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita sai iska. La'asar ta wuce, rana ta yi ja, batir yana nan daram. Ban taɓa tsanar wani abu da na gyara da hannuna kamar ranar ba.

Da Yaya ta iso Haɗeja na ja ta gefe na gaya mata komai, ko da ya hana ni. Ta je ta durƙusa gabansa ta tambaye shi a hankali, yana ganin bakinta. Hawaye kawai ya yi, kansa yana rawa, ba wanda zai rantse e yake nufi ko a'a.

Ta ce min, "Ƙanena, ban ce ƙarya kake ba. Amma duk Lahadi muna magana, bai taɓa faɗa min ba. Me zan ce wa baffannina? In ce maƙwabci ya ce?"

Ƙannensa suka zo da mota suka tafi da shi Jos, inda aka fi kayan aiki, kuma ban ga laifinsu ba. Can ya cika, can ƙauyensu aka binne shi.

Gyaran nan na tura wa masu kula da direban, suka karɓa, wani ya yi min godiya a layi ɗaya. Yanzu haka akwai mutanen da ban sani ba, kwamfutocinsu suna barci lafiya. Tawa Yaya ta mayar min, na ɗora ta a kan kabad na ƙi taɓa ta. Bayan makonni na ɗaga murfin, ta farka tsaf, ga hoton Yaya yana jiran a danna. Na rufe ta na fita waje na yi kuka.

Da damina ta zagayo na karɓi fartanyar Baba wajen Umma, mai gadin maƙabartar ya buɗe min, na nome kabarin Mama, na haɗa da filin da ke gefenta kamar yadda yake yi. Bana ma na je. Na tarar an binne wani a wurin.