Kyamarar da na ɗauki lungunmu da ita

Da aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajenmu na unguwar Nakkasa, a nan ƙasa mai tsarki, kowa ya san rusau ya ƙarato. Mutanen da suka shafa fentin sun zo da na'urori a kan sanduna, suna auna bango suna ɗaukar hoto, mu kuma muna leƙensu ta taga. A makon ne yayata ta kira ni daga Kano. Shekara bakwai ke nan da aka kama ta ba takarda aka mayar da ita ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

"Auta, ka ɗauko mini hoton lungunmu a jawwal, wayar nan taka, kafin a rushe," in ji ta. "Mutanen nake so. Musamman Goggo, wallah fuskarta ta fara ɓace mini."

Goggo maƙwabciyarmu ce, tsohuwa mai sayar da ƙosai a gindin matakala, ita ta yi rainon yayata lokacin da Umma ke aikatau a gidajen Larabawa.

Abin da aka roƙe ni bai fi minti goma ba. Amma ni mutum ne mai taurin kai da son burgewa. Na gwada ɗauka da hannu ina hawa matakalar, hoton ya yi ta tsalle har ya sa ni jiri. Na ce yayata ba za ta ga gidanmu a karo na ƙarshe yana rawa ba. Aikina gyaran motocin wasa masu rimot ne a wani shago a unguwar Kudai, kuma akwai kwali cike da matattun motocin da 'ya'yan masu kuɗi suka farfasa. A cikin kowace mota akwai sirfo, ɗan injin da ke juya sitiyari dama da hagu. Na ce da biyu daga cikinsu zan haɗa gimbal, mariƙin nan da ke riƙe kyamara daram ko da hannu na kaɗawa.

Na yanko almini daga tsohuwar taga na lanƙwasa. Sirfo ɗaya na ɗaga waya sama da ƙasa, ɗaya na hana ta karkata. Na ciro allon da ke jin motsi daga wani jirgin wasa da ya karye fiffike, na jona. Da na kunna, sai abin ya kama karkarwa kamar mai masassara. Sirfo ba don wannan aka yi shi ba, taki-taki yake tafiya, kuma in nauyi ya rinjaye shi gefe guda sai ya yi ta kuka yana zafi. Sai da na ƙone uku kafin na gane cewa dole wayar ta tsaya daidai da kanta tun ba a kunna ba. Na yi ta ƙara washa, 'yan zobban ƙarfe, a gefe ina ragewa don nauyi ya daidaita, na sa roba a mahaɗa, na rage masa saurin amsawa. Kwana tara na yi a kan wannan shirme, Umma tana ɗaure kayanmu a kwali ita kaɗai.

"Kai, halas mana, ya isa," ta ce da ni. "Ka je ka ɗauki mutane haka nan. Wa ya tambaye ka fim?"

Ban saurare ta ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da lungu ke cika, na ɗaura abin a kan sanda na fito. Wayoyi a waje, batir a ɗaure da salatif, jar fitila tana ƙiftawa, wayar tana juya kai da kanta tana ƙara siririya. Ina ta alfahari.

Ni da aka haifa a lungun nan, ban yi tunanin abin da kowa ya sani ba. Rabin mutanenmu ba su da iƙama, takardar izinin zama. Waya a hannun ɗan unguwa ba komai ba ce, amma na'ura a kan sanda, mako biyu bayan masu jan fenti, magana ɗaya take faɗa: hukuma ce ta aiko. Ƙofa ta farko ta rufe, sai ta biyu, sai ƙarar sakata ta bi matakala har sama ta riga ni. Dattawan da ke zaune a tabarma suka tashi, wani ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Goggo ta bar ƙosai a cikin mai.

Na tsaya a ƙofarta na yi sallama. "Goggo, ni ne. Yaya ce ta aiko ni."

"Na san kai ne," ta ce daga ciki. "Esh, me suka yi maka alkawari? Iƙama?"

Na rantse, na kwance abin, na dawo washegari da waya tsirara. Ba wanda ya buɗe. Umma ta bi gida-gida tana ba da haƙuri, aka karɓe ta a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Na ji haushinsu ƙwarai, har yau ina ji, shekara talatin da wani abu suna ganina amma sanda guda ta isa su juya mini baya. Haushin kaina ya fi. Kafin mako ya zagayo kowa ya watse, wasu Jidda, wasu bayan duwatsu, ba wanda ya bar mana adireshi.

Hoton ya fito sumul, ko gezau. Matakala, ƙofofi a rufe, kasko yana hayaƙi, kyanwa guda. Na tura wa yayata. Ta ce ya yi kyau, ba ta tambaye ni komai ba, kuma na gwammace ta zage ni.

Bayan wata biyar na hangi Goggo a tashar bas ta Kudai da ƙullin kaya a ka. Na sa wayata a aljihu, na matsa na durƙusa na gaishe ta. Matar da ta yi mini wanka da hannunta ina jariri ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta hau bas ɗin da ban san inda za shi ba.