Lauratu Ba Ta Bar Fadama Ba

Duk mai sayen tumatir a Danja ya san Lauratu. Ita ce ta gaji fadamar mahaifinta, ta kuma ƙi bayar da ita haya. Shekara tara tana noman rani da kanta, har injin ban-ruwa ita ke tayarwa.

Tana da shekara talatin da huɗu numfashi ya fara gagararta. In ta yi ɗan taku kaɗan sai ta dafa gwiwa tana haki. Ƙafafunta suka kumbura. Ran da ta yi tari ta ga jini a gefen mayafinta, yayanta Maharazu ya kai ta asibiti a Funtua, daga can aka tura su Zariya.

Likita ya duba hoton zuciyarta ya ce wata ƙofa ce a ɓangaren hagu ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, sai ya taru a huhu. Ya tambaye ta ko ta yi fama da ciwon maƙogwaro da na gaɓoɓi tana ƙarama.

"Na yi," in ji ta. "Jiƙo kawai aka ba ni."

"To, shi ne ya taɓa zuciyar."

A mota suna dawowa Maharazu ya ce, "Lauratu, ki bar min fadamar nan. Ki zauna a ɗaki ki huta."

"Yaya, cewa aka yi in daina ɗaukar nauyi. Ba a ce in kwanta in jira likkafani ba."

Ta rage gishiri, ta riƙe ƙwayoyinta, allurar wata-wata ba ta taɓa tsallakewa ba. Bayan watanni aka zura mata siririn bututu ta jijiyar cinya aka buɗa ƙofar. Numfashi ya dawo, amma ba duka ba. Sai ta kafa kujera a gindin mangwaro, daga nan take ba ma'aikata umarni.

Da tumatir ya nuna, wani dillali, Alhaji Sada, ya zo ya loda kwanduna, sannan ya karya farashi. Ya ji labarin ciwon, ya ɗauka ba ta da ƙarfin jayayya.

Lauratu ta miƙe a hankali, ta jira hakin ya lafa.

"Alhaji, a sauke min kayana."

"Haba Hajiya, zai ruɓe fa!"

"Sai in yanka in shanya. Rana ba taka ba ce."

Aka sauke kwanduna huɗu. A na biyar Alhaji Sada ya ɗaga hannu, ya saya yadda ta faɗa.